'YAR'UWA, GWAL A AKWATI KO ƊAKI A FILI?

  A wannan fitowa zan ɗan jingine zancen kwalliya da girki da zaman kishi, in ɗauko wata magana wadda da yawa daga cikinmu muke ganin ta maza ce, alhali kuwa in abu ya ɓaci mu ne muke fara rasa wurin kwana. Maganar kuwa ita ce ta fili da gida, wato yadda mace za ta juya 'yan kuɗin da ke hannunta su zama ƙasa ko ɗakin haya, da inda za ta samo ciko, da kuma yadda abin zai tabbata nata.

Ni dai a Unguwar Rogo nake zaune, cikin ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu, don haka da abin da ke gabana zan yi misali, ke kuma sai ki auna da naku garin. Baƙon da ya ji sunan unguwarmu zai zaci gonakin rogo zai tarar, to ya zo ya gani, gidaje ne bango na jingine da bango, ga shaguna, ga 'yan haya, ga masu yawon neman ɗaki ba su samu ba. Haka abin yake wajen 'yan'uwanmu na Minannata da Gagi da Mabera. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun 1967 da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma ma'aikata suke kwararowa, aka kafa jami'a a 1975, aka yi Jihar Sakkwato a 1976, kuma ko da aka cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996 garin bai fasa faɗaɗa ba. Daɗin daɗawa, a 'yan shekarun nan fitinar 'yan bindiga ta koro bayin Allah daga yankunan Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, kowannensu kuwa yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, amin. Mutane na ƙaruwa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa, wannan shi ne asalin abin da ke sa fili tsada.

KUƊI A HANNU ƘANƘARA NE

Iyayenmu mata ba su yarda da ajiye tsabar kuɗi ba, shi ya sa suke zuba su a jeren kwalla da tasoshi, ko su sayi akuya su ba da kiwo ƙauye. Mu kuma da muka taso sai muka koma ga gwal. Suna da gaskiya, mu ma muna da ita, domin naira ba ta ajiyuwa. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ma'ana kuɗin da kika ƙulle a bakin zane farkon shekara, kafin ƙarshenta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsu ya zube ba tare da ɓarawo ya shigo ba. Buhun siminti da ake saye ƙasa da naira 3,000 a 2019, a farkon 2024 sai da ya haura naira 10,000 a wasu kasuwannin ƙasar nan, bayan cire tallafin man fetur da sakin naira da aka yi a 2023. Abin haushi ma, ga kamfanin siminti nan a bayan gidanmu, Kalambaina, yana aiki tun 1967, amma hakan bai sa an raga mana ba.

To gwal fa? Ba na kushe gwal, wallahi ya rufa wa mata da yawa asiri, kuma farashinsa yana bin dala, ba ya narkewa kamar naira. Aibinsa biyu ne. Na farko ba ya kawo komai a ƙarshen wata, yadda kika ajiye sarƙa haka za ki tarar da ita. Na biyu, wanda ya fi muni, saurin fita gare shi. Yau ƙanenki zai yi aure, gobe jarin maigida ya karye ya ce ki ara masa "zuwa bayan salla", jibi 'yar aiki ta ga inda kike ɓoye makulli. Wata gwaggona, Allah Ya ƙara mata lafiya, takan ce mini, "Ɗiyata, gwal ba shi haihuwa, kuma ƙahwa garai. Hili kau ko kina kwana shina girma, kuma babu mai sa shi aljihu shi tahi da shi." Wahalar sayar da fili ita ce rabin amfaninsa ga mace, don kafin a nemo dillali, a nemo mai saye, a tara shaidu, zuciyar mai roƙo ta huce, ya nemi wata hanya.

SAYE A AJIYE, KO GINAWA A SA HAYA?

Masu harkar ƙasa a garin nan iri-iri ne. Akwai mai sayen fili a bayan gari tun wurin yana gona, ya bar shi shekara biyar ko goma har gari ya cim masa, sannan ya sayar. Wannan ita ce hanya mafi sauƙin shiga ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma an samu alheri da ita ƙwarai. Sai dai filin da aka bari fayau yana da maƙiya. Maƙwabci zai ci iyaka da taku ɗaya bana, taku biyu baɗi; marar tsoron Allah zai sayar wa wani; unguwa za ta mai da shi juji. Sannan ga wata doka da mata da yawa ba su sani ba: in gwamnati ta karɓi wuri don hanya ko makaranta, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka yi a kan ƙasar ce, kamar gini ko shuka, ƙasar kanta ba ta da wata diyya ta a zo a gani. Ko filin da gwamnati ta ba da da hannunta, galibi akwai sharaɗin a gina shi cikin wani wa'adi. Don haka in kin saya, ko katanga ce ki ja, ko ɗaki ɗaya ki tayar ki sa mai gadi, ko aƙalla ki kafa duwatsun iyaka ki dasa dogon yaro a kusurwoyi huɗu.

Hanya ta biyu ita ce wadda na fi so ga mace, wato gina ɗakunan haya a hankali. Kada ki tsorata da jin kalmar gini. Ki zaga Unguwar Rogo ki tambayi masu gidaje, za ki tarar kaɗan ne ƙwarai suka gina nasu a shekara guda. Bana a haƙa fandisho, baɗi a kai linta, wata shekara a buga kwano. Sirrin kawai shi ne tsarin da za ki bi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zana katafaren gida a tayar da shi gaba ɗaya, kuɗi su ƙare a linta, ya zama kango shekara bakwai yana shan rana da ruwa, ba ya kawo ko kwabo. Mai dabara takan sa a zana mata gidan duka a takarda, amma ta fara da ban-ɗaki da ɗaki biyu na bakin ƙofa, ta rufe su, ta sa ƙyaure da taga, ta zuba 'yan haya. Kuɗin hayar waɗannan biyun, a haɗa da na adashi, su ne za su tayar da na uku. In filin yana bakin hanya kuwa, to shago za a fara yi tun kafin ɗaki, domin shago ba ya bukatar ruwa ko madafa, ginin sa bai kai na ɗaki ci ba, kuma ɗan kasuwa ya fi magidanci saurin biya saboda yana tsoron a ba wani wurin da ya riga ya yi ciniki.

Ki kuma san wa kike gina wa. A unguwa irin tamu masu neman haya su ne sabon ango, da ƙaramin ma'aikaci, da ɗan kasuwa, da wanda ya taso daga ƙauye da iyalinsa. Waɗannan ciki da falo suke nema, da ruwa kusa, da ban-ɗakin da matansu za su shiga cikin sutura. In kika ƙawata gida da tayil da fenti mai tsada kamar na Bado ko Arkilla, ba za su iya biya ba, masu iya biyan kuma ba za su zo lungunmu ba. Abin da ya kamata ki kashe wa kuɗi shi ne tsawon bango da silin da tagogi masu fuskantar juna, don duk wanda ya san zafin Sakkwato na watan Afrilu ya san ɗaki marar iska ba ya riƙe ɗan haya.

Wani abu kuma, don Allah kada ki sayi fili da rani ba ki gan shi da damina ba. Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Ki bari sai watan Agusta, ranar da aka kwana ana ruwa, ki sa ɗan'uwanki ya raka ki da safe. Mutanen wasu sassan Mabera za su ba ki labarin abin da kwanciyar ruwa ke yi wa gida, kuma ba mu manta ambaliyar watan Satumba na 2010 ba, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. In dillali ya ce miki, "Hajiya, yau za a biya, akwai wani Alhaji da ka jira," ki ce Allah Ya sanya wa Alhajin albarka. La'adarsa yake hange, ba shi zai kwashe ruwa daga ɗaki ba.

INA KUƊIN ZA SU FITO?

Na san tambayar da ke bakinki ke nan tun ɗazu. Bari in fara da banki don mu sallame shi da wuri. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma suna ba da bashi a kan kusan kashi 30. Mu yi lissafi irin na tsakar gida. A ce, misali, ɗaki ya ci miki naira miliyan 2, kina karɓar hayar naira 150,000 a shekara. In da bashin banki kika gina shi a kan kashi 30, kuɗin ruwa kaɗai naira 600,000 ne a shekara, uwar kuɗin tana nan ba a taɓa ta ba. Kin ga ke nan hayar shekara huɗu ce za ta biya ruwan shekara ɗaya. Tun kafin malam ya ce miki riba haramun ce, alƙalami ya riga ya faɗa miki hanyar ba ta ɓullewa.

Akwai bankunan da ba sa harka da kuɗin ruwa. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Su tsarinsu ciniki ne. A wanda ake kira murabaha, banki zai sayi siminti da rodi da kwano da kuɗinsa, ya sayar miki da ribar da kuka yanka tun farko, ki riƙa biya wata-wata, kuma farashin ba ya ƙaruwa a hanya. A tsarin ijara kuwa su sayi gidan, ki zauna ko ki yi amfani da shi kina biyan haya tare da sayensa kaɗan-kaɗan har ya zama naki. Wannan ya kwantar wa mutane da yawa da hankali ta fuskar addini, amma kada ki zaci sadaka ce, su ma 'yan kasuwa ne, ribarsu tana duban kasuwa, kuma za su nemi ganin albashi ko shigar kuɗi a asusu da jingina mai takarda. Ki sa a rubuta miki jimillar abin da za ki biya daga farko har ƙarshe, ki kai gida ki kwana a kansa.

Ma'aikatan gwamnati kuma, malaman makaranta da ma'aikatan jinya, ku duba takardar albashinku. Tun 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi ana kai wa Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya. Mai zubi yana da damar neman lamunin gida a kan kashi 6, ya biya har cikin shekara 30, wanda kuwa bai karɓa ba ana mayar masa da zubinsa in ya yi ritaya. Kashi 6 ɗin ma kuɗin ruwa ne, sai ki tambayi malaminki, amma ko ba za ki ci bashin ba, ki san akwai kuɗinki a can, kada ki bar su. Har ila yau, tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta yarda mai asusun fansho na zubi ya yi amfani da har kashi 25 na abin da ya tara a matsayin kafin alƙalamin lamunin gida.

To amma mu faɗi gaskiya, yawancinmu ba mu da albashi. Gidajen matan unguwarmu da adashi aka gina su, da kuɗin ƙuli-ƙuli da fura da ɗinki da kitso da turkar raguna. Mata goma in suna zuba naira 30,000 kowane wata, kwasa ɗaya naira 300,000 ce. Shawarata a nan ita ce ranar da kika kwasa, ranar za ki rabu da su. Kada kuɗin su kwana uku a ɗaki, don suna da wari, dangi na jin sa daga nesa. Ki kai gidan bulo ki biya a rubuta miki rasit da yawan bulo, ko ki sayi kwano da rodi ki jingine a ɗakin mahaifiyarki. Siminti kam kada ki saya sai magini ya tsaya, domin in ya daɗe ko ya sha danshi daskarewa yake. Ki kuma lura, a zamanin tsadar nan mai kwasar farko ta fi mai kwasar ƙarshe morewa, don haka mai gini ta roƙi uwar adashi ta sa ta a gaba, ko a riƙa juya layin duk zagaye saboda adalci. Uwar adashin ma a san gidanta, a san mijinta. Masu zuwa da zancen "kawo dubu ɗari ki karɓi dubu ɗari biyu" kuwa, wanda bai ji labarin MMM a 2016 ba ai ya ji na CBEX a 2025.

Akwai wata dabara da na ga tana aiki a bakin hanya. Mai fili ba ta da kuɗin gini, ɗan kasuwa kuma yana neman shago, sai su yi yarjejeniya ya gina da kuɗinsa, a ƙiyasta abin da ya kashe, a riƙa cirewa daga haya har ya ƙare, shago ya dawo hannunta. Yana da kyau matuƙar an rubuta nawa aka kashe, nawa ce hayar, shekara nawa ne, a gaban shaidu. In ba a rubuta ba, bayan shekara goma 'ya'yansa za su rantse ubansu saye ya yi.

Jingina kuwa a yi hattara da ita. An saba mutum ya karɓi rance ya ba da gidansa, mai kuɗi ya riƙa cin haya har ranar da za a biya shi kuɗinsa cif. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa in bashin rance ne, cin amfanin abin da aka jinginar riba ce. Kada son mallakar gida ya kai ki ga cin abin da zai hana ki barci.

Sai gado. Nan ne mata suka fi yin asara da hannunsu. Uba ya rasu ya bar gida, sai yayye maza su ce, "Ke da ke gidan miji, mi za ki yi da ɗaki? A yi ma gida kuɗɗi mu ba ki naki." Su yi masa kuɗi da arha, su biya ki kaɗan-kaɗan, ki sayi atamfa da kujeru, bayan shekara biyar ba kuɗi ba gida. In gidan yana rabuwa, ki karɓi rabonki ɗaki ko shago. In ba ya rabuwa, a kira masu kiyasi na waje, ko a je gaban alƙali, kuma abin da kika samu ya tafi ga ƙasa kai tsaye. Mai sayen kason wani a gidan gado ita ma ta sani shari'a ta ba sauran abokan tarayya haƙƙin shuf'a, wato suna iya biyan abin da kika biya su karɓe kason muddin ba a riga an raba gidan ba. Ki nemi yardarsu a rubuce tun kafin ki ƙirga kuɗi.

SUNAN WA KE KAN TAKARDA?

Duk abin da na faɗa a baya, in aka yi sakaci a nan ya tashi a banza. Akwai wata baiwar Allah da na sani, shekara da shekaru tana sana'ar abinci, ta sayar da awarwaronta da sarƙar aurenta, ta tayar da ɗaki huɗu a filin mijinta, da yardarsa da murnarsa. Mutumin kirki ne, bai taɓa musun cewa kuɗinta ne ba, kowa a gidan ya sani. Amma ba a rubuta ba, ba a kafa shaidu ba. Da Allah Ya karɓi abinsa, sai gida ya shiga gado gaba ɗaya. Matan mamaci in akwai 'ya'ya tumuni suke samu, wato kashi ɗaya cikin takwas, su raba tsakaninsu. Su biyu ne, don haka ɗaya cikin goma sha shida ya zo mata a gidan da ta gina rabinsa. Da na je yi mata gaisuwa bayan ta fita takaba, abin da ta ce mini shi ne, "Ƙanwata, ba su zalunce ni ba, alƙali shaida yab biɗa, ni kau ban da ita. Kunya ta hana ni in ce Malam shi rubuta."

Kunyar nan ita nake so mu duba. Musulunci ya ba mace dukiyarta, sadakinta nata ne, gadonta nata ne, abin da ta samu a sana'a nata ne, aure bai mai da shi na miji ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. To don me za a ce matar da ta nemi a rubuta ba ta yarda da mijinta ba? Rubutun ba don shi ba ne, don ranar da ba ya nan ne, ko ranar da ke ba kya nan, 'ya'yanki suna ƙanana a hannun kishiya.

Sai dai komai yana da lafazi. Ba ranar da aka yi faɗa za ki ɗauko zancen ba, ba kuma a gaban abokiyar zama ba. Ranar girkinki, bayan ya ci ya sha, ki ce, "Alhaji, ina son in sa ɗan abin da na tara ga ƙasa saboda yaran nan, kuma ba ni da wanda zai tsaya mini sai kai. Ka taimake ni ka duba wurin, a rubuta da sunana, kai kuma ka zama shaidata na farko." Namijin da aka girmama haka da wuya ya ƙi. Ku ma iyayen gida da ke leƙa wannan shafi a ɓoye, na san kuna karantawa, matar da ke da ɗakin haya ba raina ku za ta yi ba, ita ce za ta riƙe cefane ranar da kasuwa ta juya baya. Kuma ba na goyon bayan a saya a ɓoye wa miji, don ranar da ya ji a bakin dillali, abin da zai biyo baya ya fi filin tsada.

Game da takardun kansu, ga yadda abin yake. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, mu kuma haƙƙin zama da amfani muke da shi, galibi na shekara 99 ga gidan zama. Shaidar wannan haƙƙi ita ce takardar mallaka da gwamna ke sa wa hannu, wadda 'yan boko ke kira C of O, kuma doka ta ce sayar da irin wannan wuri ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Yawancin filayen unguwanninmu kuwa awon igiya ne, gona ce magada suka yanka suka sayar, takardarsu ita ce ta ciniki mai sa hannun mai unguwa ko hakimi da shaidu. Wannan takarda tana da amfani ƙwarai, da ita za ki kafa hujja a kotu, amma banki ba ya karɓarta jingina, kuma ba ta hana a ce wurin yana kan hanyar da aka tsara tun tuni. Saboda haka kafin ki biya, a je Ma'aikatar Filaye a bincika ko wurin yana cikin wani shiri na gwamnati, a tambayi maƙwabtan filin na gabas da yamma, kudu da arewa, wa suka sani da shi. In na gado ne, magada duka su sa hannu, har matan da ke aure a wani gari. A rubuta tsawo da faɗi da ƙafa, a rubuta sunayen maƙwabta, a rubuta cikakken sunanki da na mahaifinki, kada a sa "matar Alhaji wane", don matan Alhaji suna iya zama huɗu. Ki biya ta banki ko a gaban shaidu. Bayan nan ki sa safiyo ya auna, ki fara bin takardar gwamnati ko da za ta ɗauki lokaci. Asalin takardar ki adana ta inda ruwa da gara ba sa kaiwa, hotonta kuma ki ba wani amintacce a gidanku.

Da 'yan haya kuma, a rubuta ranar shiga da ranar biya da wanda zai yi gyara in abu ya lalace, ki kuma ware hayar wata ɗaya ko biyu duk shekara saboda yoyon kwano da yashe masai. Dangi su ne masu wuyar sha'ani, don ɗan'uwa in ya shiga ɗaki ba ya biya, ba ya fita, ke kuma ba kya iya kai shi ƙara. In za ki taimaka masa, ki sa bare a ɗakin, ki ɗebi wani abu daga hayar ki ba shi da hannunki, zumunci ya fi daɗewa a haka.

Kada kuma a manta da haƙƙin Allah. Gidan da aka gina don haya ba a fitar da zakka a kan ginin kansa, sai a kan kuɗin hayar in sun taru sun kai nisabi shekara ta zagayo a kansu. Filin da aka saya da niyyar kasuwanci ana jiran ya yi tsada kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya ranar da aka sayar ake fitar masa da zakkar shekara guda, ko da ya shekara goma a ajiye. Wadda sana'arta ke nan, tana saye tana sayarwa a kai a kai, hukuncinta daban ne, sai ta zauna da malami ya yi mata lissafi.

Mai tambaya a kan wannan batu ta aiko da wasiƙarta ta hannun Edita, in Allah Ya yarda za mu duba ta a fitowa ta gaba.